Ƙullun Bagadaza

Duk shekara, ana gobe Idin Ƙetarewa, nakan ji saukowar Nazima tun daga saman bene. Ba ta iya saukowa shiru ba. Gwiwoyinta sun daɗe da lalacewa, kuma kowace matakala sai ta tsine mata da Larabcinsu na Bagadaza, wanda mu mutanen birnin Haifa muke jinsa kamar mutum na tauna tsakuwa. Sai ta tsaya a ƙofata rungume da kwalba a cikin tawul mai ratsin shuɗi, ta ɗaure fuska tamau.

"Nuhad, ga wannan na ba ki. Halak malak. Ba nawa ba ne, ban ma san shi ba."

"Na karɓa," in ce mata. "Kuma kada ki sa rai zai dawo."

"Allah ya sa ya kumbura miki ciki."

Abin da ke cikin kwalbar ƙullun tsami ne, irin wanda ake tada gurasa da shi, mai rai, mai cin gari da shan ruwa kamar ɗan akuya. Yahudawa ba sa barin ko ɓurɓushin abu mai tsami a gida a makon idinsu, har garin alkama fitar da shi suke yi. Kuma ba ajiya ake ba maƙwabci ba, dole kyauta ce ta gaske. To ni ce maƙwabciyar, ina ƙasa tana sama, a tsohon gidan dutsen da ke kan gangaren kasuwa. In makon ya ƙare, taurari suka fara fitowa, sai in hau da kwalbar da ƙunshin gari, in ce mata na tsinci wani ƙullu a ɗakin girkina, ban san yadda zan yi da shi ba, ko tana so. Takan buɗe ta shinshina, ta ce bai kama ƙafar nata na da ba, amma za ta yi maneji.

Ƙullun ya girme mu duka. Uwar Nazima ce ta fito da shi daga Bagadaza, ƙulle a gefen ɗankwali a cikin riga, ranar da aka ce kowane gida ya ɗauki akwati ɗaya ya bar ƙasar. Nazima tana 'yar ƙanƙanuwa lokacin. Ta sha gaya mini ba ta tuna kogin, ba ta tuna ƙofar gidansu, abin da ta sani na garin haihuwarta shi ne ƙamshin da ke tashi in an buɗe kwalbar nan. Kafin ni, surukata ce ke karɓar kyautar daga hannun uwarta. Da surukar tawa ta gaza, ta miƙa mini abu biyu: hatimin katako da ake buga wa gurasar coci, da wannan wasan na bakin ƙofa.

Wanda ya taɓa kiwon ƙullu ya san in ka ciyar da shi yakan ninka, dole ka rage. Ni kuwa ba a haife ni in zubar da abinci ba. Abin da na rage sai in juye a tukunyata, har aka wayi gari nawa da nata duk abu ɗaya ne. Kuma ni ke toya gurasar Jibin Ubangiji ta cocinmu, mu kuwa mai tsami muke ɗorawa a bagadi. Nazima ta san da haka, kuma abin yana kashe ta da dariya. Wata rana ta leƙo ina buga hatimi, ta tambaye ni ko limaminmu ya san gurasar bagadinsa Bayahudiya ce. Na ce mata ai Mai bagadin ma ɗan gidanku ne, ku ne dai ba ku zo suna ba. Ta yi dariya har sai da ta dafa bango.

Mutum biyu ne suka fi cin moriyar zamanmu. Ɗaya ƙanwata Wadi'a, wadda ta auri wani tela a Gaza tun muna 'yan mata. Sai shekarar da aka ba ta takardar izini take zuwa mana Ista. In ta zo, ba ta kwance kaya sai ta hau wurin Nazima da gwangwanin yajin barkono irin nasu na can. Nazima ta ce wannan guba ce, ba abincin mutane ba, sannan ta cinye shi tas kafin baƙuwa ta koma. A zuwanta na ƙarshe Wadi'a ta roƙi ɗan ƙullun, Nazima ta ɗura mata a kwalbar man shafawa don kada a ƙwace a shingen bincike. Na biyun Yotam ne, ɗan Orna 'yar Nazima, wanda ya tashi a kan matakalar nan tsakanin gida biyu. Inna yake ce mini. In kakarsa ta hana shi abu ya sauko, in na hana shi ya hau, kuma a makon idinsu yakan tsaya a ƙofar ɗakin girkina yana shaƙar ƙamshin gurasar da aka haramta masa, yana cewa shi dai hanci bai yi laifi ba. Ya girma ya yi gemu, ya gama aikin soja, ya shiga koyon gyaran jiragen ruwa a tasha, bai daina wannan tsayuwar ba.

Sai yaƙin nan ya zo. Ba sai na ba kowa labarinsa ba. Da safiyar da aka yi kashe-kashen kudancin ƙasar, kusa da Gaza, na hau na tarar da Nazima zaune gaban talabijin da ɗankwali a hannu, na zauna kusa da ita muka yi kuka tare. Kashegari aka kira Yotam ya koma bakin daga. Wadi'a kuma ta bugo ta ce sun bar gida, sun koma harabar coci da sauran Kiristocin garin, suna kwana a kan benci. Daga ranar na lura ni da Nazima mun fara auna magana. In na ce ruwa ya ƙare musu a can, sai ta ce har yanzu ba a san inda aka kai 'yar maƙwabtan Orna da aka sace ba. Kowa na riƙe da nasa, yana jiran ɗayan ya gama.

Wuta ta faɗo kusa da harabar cocin, bango ya rufta a kan waɗanda ke jikinsa. Wadi'a na cikinsu. Mijinta ne ya bugo. Ban ga gawarta ba, ban san irin rigar da aka binne ta da ita ba, kuma har yau wannan ne ke tashe ni tsaye in ina tsakiyar aiki.

Na yi zaman makoki a falona. Unguwa ta zo, Kirista da Musulmi, har mai sayar da kifi ya rufe shago ya zo ya sha gahawa mai ɗaci. Ni kuwa kunnena na kan bene. A yini na biyu na ji ta fara saukowa, ba tsinuwa, ba komai, sai jan ƙafa. Ta zo tsakiya ta tsaya. Na ajiye kofin da ke hannuna ina jira. Can sai na ji ta juya ta koma, ƙofarta ta rufe a hankali. Mata suka dubi juna, wata ta taɓe baki ta ce ai dama haka suke. Na ce mata ta sha gahawarta ta yi shiru, amma maganar ta zauna mini a ƙirji.

Ba a daɗe ba, ruwan farko na sanyi ya sauka, sai ga sojoji uku a bakin ƙofar gida suna tambayar hawan da Orna take. Labarin mutuwar Yotam suka kawo. Ihun da ta yi ya ratsa dutsen ginin nan. Na zauna a ƙasan ɗakin girki na rufe fuska da tawul, don yaron nan ni na ɗaure masa haƙorinsa na fari da zare.

Na dafa gahawa mai ɗaci a butata ta tagulla na hau, cikin baƙaƙen kayana. Ƙauna ce ta kai ni, amma ba ita kaɗai ba. Akwai kuma son in nuna wa Nazima yadda ake yi. Falon cike yake. An rufe madubi da zane, ita da Orna suna zaune a kan 'yan kujeru na ƙasa da wuyan riga a yage, kamar yadda suke yi. Ina zuba gahawa sai wata 'yar'uwarsu da ba ta san ni ba ta tambaye ni da Ibrananci, cikin ladabi, wa ya rasu mini nake sanye da baƙi. Na ce ƙanwata. Ta ce a ina. Na ce a Gaza.

Wani mutum mai tabarau ya ce ba nan ne wurin wannan maganar ba. Da na yi shiru da shi ke nan, amma bakina bai taɓa sanin lokacin hutu ba. Na ce ban ce Yotam ne ya yi ba, amma wanda ya yi ɗin ma ɗan wata ne, kuma wata ce ta yi masa gurasa.

Nazima ta ɗago kai. Ba ta ɗaga murya ba, da Larabci ma ta yi maganar don kada sauran su ji.

"Nuhad, sauka gidanki."

Na sauka. Na bar butar a kan teburinsu. Sai da na rufe ƙofata na tuna ban ce Allah ya jiƙansa ba, sai kuma na ce ai ita ma ba ta ce ba. A yammacin nan na tura tukunyar ƙulluna can ƙuryar firji, bayan tulun zaitun, na aika aka sayo mini yisti na kanti.

Haka muka ci sanyin nan. Gida ɗaya, bututun ruwa ɗaya, ina jin lokacin da take buɗe famfo, tana jin lokacin da nake tari. In jiniya ta yi kuka kowa ya gangara ɗakin ɓuya na ƙarƙashin gida, sai ta zauna a wancan ƙarshen benci ni a wannan, 'yan hayar da ke tsakaninmu suna ta latsa waya. Ban kalle ta ba, amma na ga awarwaronta ya fara zamewa daga tsintsiyar hannu. Na ga ta daina rina gashi. Wata rana ƙarar ta yi kusa har ƙura ta zubo daga rufi, hannuna ya miƙa wajenta da kansa, na mayar da shi na gyara ɗankwali. Na yi kewar matar nan kamar in yi hauka. Abin dariya ya faru a kasuwa, in kamo hanya ina tsara yadda zan ba ta labari, sai na zo ƙofa in tuna. Na yi kewar zaginta. Ba wanda ya ƙara ce mini miyata ta yi gishiri, kowa sai lallaɓa ni yake kamar ƙwai.

Ana gobe idinsu na tashi da wuri na share ƙofar gida, wai don ƙura. Na ji suna ta jan kujeru a sama, ana wanke-wanke. Na jiƙa tawul na goge teburin da nake ajiye kwalbar. Rana ta yi tsaka, ba saukowa, ba tsinuwa. Da la'asar na fita zubar da shara sai na yi kiciɓis da Orna a bayan gida, ta rame ta zama kamar yayar kanta. A hannunta ga kwalbar nan, wankakkiya, babu komai a ciki.

Ta gaishe ni, ta ce Inna, kamar da. Na tambaye ta ina abin da ke ciki. Ta ce ya mutu tun tsakiyar sanyi. Tun ranar da aka binne Yotam uwarta ba ta ƙara toya gurasa ba, ta ce wa zai ci. Ba ta ciyar da ƙullun ba, ba ta bari a taɓa shi ba, har ya yi baƙi ya yi gashi. Jiya da suna share gida don idi ita Orna ta kankare shi ta zubar. Ta ce uwarta na zaune tana kallo, sai da aka gama ta ce to, yanzu an gama fitowa daga Bagadaza.

Na koma ɗaki na zauna. Nazima ta san sarai abin da ke cikin tukunyata. Matakala kaɗan ce tsakaninta da ƙamshin uwarta, amma ta gwammace ta rasa shi da ta ƙwanƙwasa ƙofata. Na ce to ta zauna da girman kanta, ni ma ina da nawa, kuma nawa bai fi nata ƙanƙanta ba.

Ranar Lahadin ganyen dabino, bayan an tashi daga sujada, limaminmu Abuna Malatiyos ya tare ni a bakin ƙofar coci. Tsoho ne, kunnensa ya yi nauyi, amma harshensa bai manta ɗanɗano ba. Ya kira ni da sunan ɗana, ya ce Ummu Jiryis, gurasarki ta daɗe ba ta gaishe ni ba, duk sanyin nan kamar auduga nake ɗagawa. Na ce yisti na kanti ne. Ya ce ina ƙulluna na da. Ban yi niyya ba, amma na kwashe komai na gaya masa, da ƙarfi saboda kunnensa, har masu sayar da kyandir suka ji rabonsu. Na ƙare da cewa ba zan ɗora ƙullun gidan da ba su yi mini gaisuwar ƙanwata ba a kan bagadi.

Ya daɗe yana shafa gemu. Na shirya jin wa'azin yafiya, har na tanadi amsa.

"Ba zan ce ki yafe ba," in ji shi. "Kin fi ni shekaru a cocin nan. Amma ranar Alhamis zan ɗaga gurasarki in ce jikin Almasihu ne da aka karya saboda mutane. Ki faɗa mini waɗanda ban da su, don in sanar da Shi."

Na ce masa tsufa ya fara taɓa shi. Ya ce bai ji ba, in ƙara ɗaga murya.

Na dawo gida a fusace, na buɗe firji don in ɗauko zaitun, sai ga tukunyar. Na ce bari in wanke ta ni ma a huta. Da na buɗe, wani ruwa mai toka-toka ya kwanta a sama, warin tsami ya bugi hancina. Na tsiyaye ruwan. Ƙasan fari ne, bai yi gashi ba. Ban yanke shawarar komai ba, hannuna ne ya ɗebo gari da ruwa mai ɗumi ya dama, yadda ya saba tun ina amarya, na rufe da tawul na ajiye kusa da murhu. Na gaya wa kaina in ya mutu, Allah ne ya raba gardama.

Da safe tawul ɗin ya yi tudu. Na ɗaga, ga shi yana ta ƙananan kumfa, yana numfashi. Ƙamshin ya cika ɗakin, na ga Wadi'a tsaye tana lasar yatsa, na ga Yotam a bakin ƙofa da hancinsa. Na tsaya gaban hoton Almasihu da ke kusurwar falo na ce masa ban ji daɗin wannan ba ko kaɗan. Na ce ni aka fara yi wa laifi. Na ce in na hau ta sake cewa in sauka, ban san inda zan sa fuskata ba, kuma daga nan ba sauran abin jira, gara wannan shirun da ake iya cewa wataƙila. Na yi ƙoƙarin in sa sunan yaron a addu'ar matattu, bayan na mijina da na Wadi'a, sunan ya ƙi fita.

Ranar ce ƙarshen idinsu. Na ƙara ciyar da ƙullun da rana, na raba shi biyu, na zuba rabi a kwalbar zuma da na wanke. Da magariba na tsaya a taga har na ga taurari sun fara fitowa a kan teku. Sannan na naɗe kwalbar a tawul na hau. Ban taɓa sanin benen nan na da tsawo haka ba.

Ita ta buɗe. Orna ta tafi gidan surukanta, falon ba kowa sai kyandir na tunawa da matattu yana ci a cikin gilashi. Ta dube ni, ta dubi tawul ɗin. Na faɗi abin da nake faɗa duk shekara, cewa na tsinci wani ƙullu.

"Ban ba ki komai bana ba," in ji ta.

"Na sani. Wannan nawa ne. Ke da bakinki kika ce halak malak, shekara da shekaru. Na ga dama ne na kawo."

Ba ta miƙo hannu ba. Na ce a raina ga ta nan, za ta faɗa. Sai na kwance tawul ɗin na buɗe murfin a nan bakin ƙofa, don in ta kore ni, ta kore ni da dalili.

Ƙamshin ya tashi tsakaninmu. Na ga haɓarta ta motsa. Ta karɓi kwalbar da hannu biyu ta kai hanci, ta rufe ido, ta daɗe a haka har na fara jin kunyar kallonta. Da ta buɗe ido sai ta leƙa ciki ta ɗaure fuska.

"Yunwa yake ji. Haka ake kiwo? Ina garin?"

Na dubi hannuwana. Tun da na fara hawa benen nan da kwalba ban taɓa zuwa babu ƙunshin gari ba, don na san babu ko ƙwayarsa a gidan Bayahude a wannan maraicen, kantunansu kuma a rufe. Har yau in aka tambaye ni mantawa na yi ko da gangan ne, ba zan iya rantsuwa ba. Na ce yana ƙasa, bari in sauka in ɗauko.

Ta dubi matakalar.

"Bari," in ji ta. "Kafin ki hau da waɗannan ƙafafun naki ya mutu."

Ta rungume kwalbar a ƙirji, ta kama ƙarfen bene da ɗaya hannun. Na wuce gaba. Muka sauka a hankali. Da muka zo tsakiya, inda ta taɓa juyawa, ta tsaya tana haki. Ban waiwaya ba. Sai na ji ta tsine wa matakalar, ƙasa-ƙasa, ita da wanda ya gina ta, ta ci gaba da saukowa.

Ba a isa ɗakin girkina sai an bi ta falo, a falon kuwa hoton Wadi'a na kan teburi da baƙin ƙyalle a kusurwarsa. Nazima ta tsaya a gabansa. Hoton Istar ƙarshe ne, tana dariya, an ga gefen hannun wata a kafaɗarta, kuma mu biyu mun san hannun wa ne. Na nuna mata kujera. Ba ta zauna a kai ba. Ta jawo ɗan ƙaramin bencin da nake takawa in ɗauko kaya a sama, ta lanƙwasa gwiwoyin nan nata da ƙyar ta zauna a kansa, kusa da ƙasa, yadda suke zama in mutuwar ta gidansu ce.

Ta ce ta sauko ranar nan. Na ce na ji ta. Ta ce jikanta na can da bindiga a hannu, ba ta san inda aka tura shi ba, ba ta san abin da ya gani ko ya yi ba, da wane ido za ta shigo ta dube ni. Na ce da waɗannan dai da kika shigo da su yanzu. Ta gyaɗa kai. Can ta tambaye ni, ba tare da ta ɗago ba, ko ƙullun da ta ɗura wa Wadi'a a kwalbar man shafawa ya rayu a can. Na ce ya rayu. Da shi ta riƙa toya wa mutanen harabar coci gurasa a kan murfin tukunya, har ranar da gari ya ƙare. Nazima ta ƙanƙame kwalbar da ke cinyarta, kafaɗunta suka fara rawa.

"Allah ya jiƙan Wadi'a," in ji ta. "Allah ya ba ki haƙuri, 'yar'uwata. Na makara."

Na zauna a ƙasa kusa da ita, don ba ni da wani bencin. Sunan da ya ƙi fita da safe ya taso da kansa.

"Allah ya jiƙan Yotam. Yarona ne shi ma."

Ba mu rungumi juna ba, ba mu ce komai ya wuce ba, don bai wuce ba. Akwai maganganun da na san ba za mu iya yi ba bana, wataƙila har mu mutu. Ana jin jirgin yaƙi yana wucewa ta saman teku, kowa a cikinmu ta san inda tunanin 'yar'uwarta ya tafi. Muka zauna har ƙarar ta ɓace.

Sannan ta share fuska da gefen tawul, ta ce in ɗaga ta, in kuma kawo garin, ba hira ta zo yi ba. A ɗakin girki ta ture ni gefe ta dama da hannunta, tana cewa ruwana ya yi zafi, garina ya yi laushi, abin mamaki ne da ƙullun ya rayu a hannuna. Ta ga tukunyata a gefe cike, da hatimin katako a kanta, ta tambaya ko na Alhamis ne. Na ce na Alhamis ne. Ta ce in na buga hatimin ina kiran sunayen matattuna, kamar yadda ta sha ji ta taga, kada in gaya mata ko na sa nasa, addininta bai yarda ta sani ba. Na ce ba zan gaya mata ba.

Na raka ta har gindin bene. Ta taka matakala ta fari da kwalbar a ƙirji, sai ta tsaya ba ta juyo ba.

"Butarki na sama," in ji ta. "Ban wanke ta ba. Gobe ki zo ki ɗauka da kanki, ni ba 'yar aikinki ba ce."

Na tsaya a nan ina sauraron hawanta, tana tsine wa matakalar ɗaya bayan ɗaya, har ta kai sama. Na jira in ji ƙarar rufe ƙofa, ban ji ba.